Yadda ake kare sirri a kwamfutar kafe: abin da ya kamata a yi kafin a tashi daga kujera

Duk lokacin da aka buɗe shafin neman gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko aka saki sakamakon JAMB, ko aka fara rajistar masu yi wa ƙasa hidima, shagunan kafe da na buga takardu a Yalwawa kan cika maƙil. Haka abin yake a Takur da Gida Dubu da sauran unguwannin Dutse. Wasu 'yan cikin gari ne, wasu kuma sammako suka yi daga Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu ko Gwaram, kowa da jakar takardunsa a hammata. Kwamfuta ɗaya, mutane da yawa. Wannan ya tashi, wancan ya zauna.

Kusan kowa a layin yana da wayar zamani a aljihu, kuma a kulle take da zanen yatsa ko lambar sirri. Amma saurayin da ba zai yarda ƙaninsa ya taɓa masa waya ba, shi ne zai buɗe imel ɗinsa a kwamfutar da bai san waɗanda suka zauna a kanta ba, ya sauke takardar NIN, a buga masa, ya biya kuɗi, ya kama gabansa. Takarda ɗaya ya fita da ita. Abin da ya bari a cikin kwamfutar ya fi haka yawa.

Kwamfuta ba ta da mantuwa. An ƙera ta ne don ta riƙa tuna wa mai ita abubuwa, kuma ba ta bambanta mai ita da baƙo. Wanda ya gane wuraren da take ajiya, ya kuma san cewa wayarsa ce makullin asusunsa, zai iya amfani da kwamfutar haya ba tare da ya bar sirrinsa a kanta ba.

Me ya sa har yanzu ake zuwa kafe?

Waya ta ɗauke wa kafe ayyuka da yawa, amma ba duka ba. Buga takarda sai da firinta. Sikanin satifiket sai da na'ura. Rajistar NYSC tana buƙatar ɗaukar hoton yatsa, kuma wanda aka tura sansanin Fanisau da ke Dutse sai ya je da takardar kiransa a buge. Wasu shafukan makarantu ba sa buɗewa da kyau a ƙaramin allo. Wani lokaci kuma data ce ta ƙare, ko babu wuta, caji ya mutu.

Matsalar ita ce ayyukan da ke kai mutum kafe su ne waɗanda suka fi buƙatar bayanai masu tsada. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN. Shafin bashin ɗalibai na NELFUND, wanda aka buɗe a watan Mayun 2024, yana neman NIN da BVN da lambar JAMB da lambar asusun banki. Neman aikin gwamnati ko na ɗamara yana tafiya da hoton fasfo, takardar haihuwa da shaidar ƙaramar hukuma. Cikin rabin awa mutum zai iya zube tarihin rayuwarsa gaba ɗaya a kan na'urar da ba tasa ba.

Wurare biyar da kwamfuta ke ajiye abin da aka yi

Na farko, burauza, wato manhajar shiga intanet irin su Chrome, Edge da Firefox. Tana rubuta sunan kowane shafi da aka ziyarta. Tana kuma tuna abin da aka cike a fom, shi ya sa wani lokaci mutum na danna akwatin imel sai ya ga adireshin wasu mutane sun jero. Idan ta tambaya ko a adana kalmar sirri aka danna amincewa cikin gaggawa, to kalmar ta zauna ke nan, kuma wanda ke da ikon kwamfutar zai iya buɗe ta ya karanta.

Na biyu, kukis. Lokacin da mutum ya shiga Gmail ko Facebook, shafin kan ajiye wata 'yar shaida a cikin burauza, kamar katin da mai gadi ke ba baƙo a bakin ƙofa. Muddin katin na nan, ba za a sake tambayar kalmar sirri ba. Danna alamar X a saman allo ba ya yaga katin, tagar kawai aka rufe. Na gaba da ya buɗe Gmail zai tsinci kansa a cikin akwatin wanda ya tashi. Fita daga asusu ne ke soke katin.

Na uku, foldoji. Duk abin da aka sauke yana faɗawa cikin foldar Downloads. Abin da aka yi sikanin yana da tasa foldar. Wasu fayilolin a kan fuskar kwamfuta ake zube su. Manhajar Word ma tana nuna jerin takardun da aka buɗe kwanan nan. A shagon da ba a shara, foldar Downloads kan zama rumbun takardun jama'a: NIN, sakamakon WAEC da NECO, hotunan fasfo, takardun banki.

Na huɗu, kwandon shara. Danna Delete ba ya goge fayil, yana mayar da shi ne Recycle Bin, inda kowa zai iya dawo da shi. Ko an zubar da kwandon, akwai manhajoji irin su Recuva da kan iya tono fayil matuƙar wani abu bai hau gurbinsa ba.

Na biyar, ma'ajiyar kwafi. A Windows 10 da 11, idan an kunna tarihin kwafi, danna maɓallin Windows tare da V zai nuna jerin abubuwan da aka kwafa a baya. Wanda ya kwafi BVN ko kalmar sirri ya liƙa a fom zai iya barinta a nan.

Waɗannan biyar ba sa buƙatar ƙwararren ɗan kutse. Duk wanda ya zauna a kujerar zai iya ganin su. Akwai kuma na shida wanda ake dasawa da gangan: manhaja ko ƙaramar na'ura mai naɗar duk abin da aka danna a kibod. Ta manhaja ba a ganinta. Ta na'ura kuwa ana soka ta ne tsakanin igiyar kibod da jikin kwamfuta. Sau da yawa mai shago ma bai san da ita ba, domin irin wannan cuta kan shigo ta filashin kwastoma ko ta manhajar da aka sauke a shafin banza. Ga kuma tsufan na'ura: Microsoft ya daina tura gyaran tsaro ga Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, tallafin Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar da ba ta samun gyara ta fi saurin kamuwa.

Me mugu zai yi da waɗannan bayanai?

Imel shi ne uwar ɗaki. Wanda ya samu Gmail a buɗe ya samu hanyar shiga Google Photos, inda hotunan wayar mutum ke taruwa idan an kunna adanawa, da Drive, da lambobin wayar 'yan uwa da abokai. Daga nan zai iya zuwa Facebook ko shafin makaranta ya ce ya manta kalmar sirri, a turo saƙon canji cikin imel ɗin da ke gabansa. Ga budurwa ko matar aure, hoton da aka ɗauka cikin gida ba don idon jama'a ba zai iya zama abin barazana da neman kuɗi. Ga ɗalibi kuwa, wanda ya riƙe asusunsa na JAMB zai iya taɓa gurbin karatunsa a shafin CAPS, inda ake karɓa ko ƙin gurbin da makaranta ta bayar.

BVN ita kaɗai ba ta cire kuɗi daga asusu. Haɗarinta yana wani wajen. Ɗan damfarar da ya san cikakken sunan mutum, ranar haihuwarsa, bankinsa da BVN ɗinsa, idan ya kira ya ce daga banki yake, maganarsa kan shiga kunne. Abin da ya rage masa shi ne lambar da za ta shigo wayar, wadda ake kira OTP, ko lambobin katin ATM. Da NIN da hoton fasfo kuma ana iya yunƙurin yin sojan gona, a nemi bashi a manhaja ko a buɗe asusu da sunan wani.

Bayanan nan suna da kasuwa. A watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da na NIN da BVN, kan kuɗin da bai wuce naira 100 ba. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba, ta kuma gargaɗi jama'a kan miƙa bayanansu ga shafukan da ba ta amince da su ba. Ko ta ina bayanan suka fita, darasin ɗaya ne: akwai masu saye.

Incognito: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Matasa da yawa sun ɗauka tagar Incognito layar zana ce. Tana da amfani, amma tana da iyaka. A Chrome da Edge ana buɗe ta da Ctrl, Shift da N a tare, a Firefox kuma da Ctrl, Shift da P. Idan aka rufe dukkan tagogin sirrin, burauza na zubar da tarihin shafuka, kukis da abin da aka cike a fom. Wannan ya magance matsala ta ɗaya da ta biyu.

Amma fayil ɗin da aka sauke yana nan a Downloads. Manhajar naɗar kibod tana ci gaba da aikinta. Mai kula da intanet ɗin shagon zai iya sanin shafukan da aka shiga, shafukan su ma sun san an zo. Kuma idan aka bar tagar sirri ɗaya a buɗe, asusun yana nan a buɗe. Har a Amurka wannan rashin fahimta ya kai ga kotu. A 2020 wasu masu amfani da Chrome sun yi ƙarar Google kan tattara bayanansu alhali suna cikin Incognito, kuma a yarjejeniyar sulhu da aka bayyana a Afrilun 2024 kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma ƙara fayyace wa mutane iyakar tagar.

Kafin a bar gida

Rabin kariyar a waya ake yin ta, tun kafin a taka ƙofar shago.

1. A yi duk abin da waya za ta iya a waya. A cike fom, a biya kuɗi, a sauke takarda a matsayin PDF, sai a je kafe don bugawa kawai. Sakamakon JAMB ma ana iya duba shi ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019 daga layin da aka yi rajista da shi.

2. A kunna tabbaci mai mataki biyu a Google da Facebook. Da shi, kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba, sai an amince daga waya. A asusun Google ana samunsa a sashen Security. Google na kuma bayar da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. A rubuta su a takarda a ajiye a gida saboda ranar da waya ta ɓata.

3. A sa wa WhatsApp lambar sirri mai lamba 6 a sashen Account, a kuma sa wa layin waya PIN, domin layin ne ke karɓar lambobin banki.

4. Kada kalmar sirri ɗaya ta riƙe asusu biyu. Lambar waya, shekarar haihuwa ko sunan masoyi ba kalmar sirri ba ce. Jimla mai kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna ta fi ƙarfi, ta kuma fi sauƙin tunawa.

5. Wanda ke yawan zuwa kafe zai iya buɗe imel na biyu da babu komai a cikinsa, ya riƙa tura takardun bugawa can, babban imel ɗinsa kuma ya zauna a waya.

Lokacin da ake kan kwamfutar

A zaɓi kujerar da allonta ba ya kallon layin masu jira. Leƙe ta bayan kafaɗa tsohuwar dabara ce, kuma yanzu kowa na da kyamara a hannu. A ɗan duba inda igiyar kibod ta shiga, idan akwai wani baƙon abu a tsakani a canza kwamfuta.

A buɗe tagar sirri kafin a rubuta komai. A Chrome akwai kuma yanayin baƙo, wato Guest, wanda ke goge tarihi da kukis idan an rufe shi. Idan burauza ta nemi adana kalmar sirri, a ƙi. Idan shafi ya nuna akwatin ci gaba da zama a ciki, a cire alamar. Idan Google ya tambaya ko a amince da wannan na'urar don kada a sake neman mataki na biyu, amsar a'a ce.

Babban kuskure shi ne shiga Chrome kansa da asusun Google a kunna haɗa bayanai. Yin haka kan janyo kalmomin sirrin da mutum ya adana a waya, da tarihinsa, su sauka cikin kwamfutar shago. Buɗe Gmail a tagar sirri ba ya jawo wannan.

Kada a shiga banki a kwamfutar haya, kada kuma a rubuta lambobin katin ATM. Idan shafin makaranta ya ba da lambar biya ta Remita, a ɗauki lambar a biya ta manhajar banki a waya ko a banki.

A yi hattara da soka waya a kwamfuta da sunan caji. Idan dole ne, a bar ta a kan caji kawai, kada a zaɓi tura fayil, domin hakan na buɗe hotuna da takardun cikinta. Filashi ma kan kwaso cuta. Alamar da aka fi sani ita ce foldoji su ɓace, a ga wasu gajerun hanyoyi masu alamar kibiya a madadinsu. Kada a danna su. Ya fi kyau a ware filashi ɗaya na zuwa kafe wanda ba ya ɗauke da komai sai takardar ranar.

Wanda ya haɗa WhatsApp ɗinsa da kwamfutar shago don ya sauke takarda ya sani cewa hirarrakinsa ne ya shimfiɗa a allon. WhatsApp na barin a haɗa na'urori har 4 da waya ɗaya, kuma suna ci gaba da aiki ko wayar ba ta kusa. Idan an daina amfani da wayar ma, sai bayan kwana 14 suke fita da kansu.

Minti uku kafin a tashi

Gaggawa ce ke jawo yawancin asara. Lokacin da aka saya ya ƙare, na baya na ƙorafi, mai babur na jira. Duk da haka waɗannan matakan ba sa cin fiye da minti uku.

1. A fita daga kowane asusu ta maɓallin Sign out ko Log out, ɗaya bayan ɗaya.

2. A rufe dukkan tagogin sirri. Idan an yi aiki a taga ta yau da kullum, a danna Ctrl, Shift da Delete, a zaɓi tsawon lokacin da aka yi ana aiki ko All time, a goge tarihi, kukis, kalmomin sirri da bayanan fom.

3. A duba Downloads, Desktop, Documents da foldar sikanin. A zaɓi fayilolin da mutum ya san nasa ne, a danna Shift tare da Delete don kada su faɗa kwandon shara.

4. A danna Windows da V, idan akwai tarihin kwafi a share shi.

5. A karɓi asalin takardu daga cikin na'urar sikanin da ta kwafi. A kuma karɓi takardun da suka lalace wajen bugawa. Takardar NIN da tawada ta ɓata har yanzu lambarta na karantuwa, kuma daga kwandon shago tana iya ƙarewa a hannun mai ƙosai.

Idan an riga an bar shagon

Wanda ya tuna bai fita daga asusunsa ba bayan ya kama hanyar Shuwarin ko Kiyawa ba sai ya juyo ba. Wayarsa ta isa.

A Google, a shiga saitin asusu, sashen Security, sannan Your devices. Za a ga jerin na'urorin da asusun ke buɗe a kansu. A zaɓi kwamfutar a fitar da ita. A Facebook da Instagram, a shiga Accounts Center, sai Password and security, sai Where you're logged in. A WhatsApp, a buɗe Linked devices, a taɓa sunan kwamfutar a danna Log out. Bayan haka a canza kalmar sirri daga waya, ba daga wata kwamfutar haya ba.

Wannan matakin yana da muhimmanci ko ga wanda ya kunna mataki biyu, saboda katin mai gadin nan da aka ambata. Wanda ya saci kukis ba ya buƙatar kalmar sirri ko lambar tabbaci. Haka ta faru da Linus Tech Tips, tashar YouTube ta fasaha da ke Kanada mai mabiya sama da miliyan 15. A watan Maris na 2023 wani ma'aikacinsu ya buɗe fayil mai kama da PDF, manhajar da ke ciki ta kwashe shaidar shiga daga burauza, masu kutse suka ƙwace tashar na wasu sa'o'i. Idan hakan ta samu mutanen da sana'arsu ke nan, ɗalibin da ke kafe ya fi buƙatar ya soke katinsa da kansa.

Idan an ga alamar an taɓa asusu, a duba ko an canza lambar waya ko imel na dawo da asusu, a kuma duba ko an saita tura saƙonni zuwa wani adireshi. Idan abin ya shafi kuɗi, a kira banki nan take ta lambar da ke bayan kati a toshe asusun. A sanar da 'yan uwa kada su tura wa kowa kuɗi da sunan mutum.

Idan mai shago ne ke yi wa mutum aikin

A Dutse, kamar sauran garuruwa, mutane da yawa ba sa zama a kan kwamfutar da kansu. Miƙa takardu suke yi, yaron shago ya cike musu. Nan ne ake yin kuskuren da ke bin ɗalibi shekaru: mai shago ya buɗe masa imel, ya zaɓa masa kalmar sirri, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa ta kansa. Ranar da aka tashi neman takardar shiga makaranta sai a tarar shagon ya tashi ko yaron ya bar aiki.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Imel da lambar waya su zama na ɗalibin, kuma layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinsa. Idan an zo wurin kalmar sirri, ya karɓi kibod ya rubuta da hannunsa. Idan hakan bai yiwu ba, ya canza ta a waya kafin ya fita daga shagon. Lambar OTP kuwa ba a karanta wa kowa ita. JAMB ta daɗe da hana yin rajistar jarabawarta a kafe, sai a cibiyoyin CBT da ta tantance, don haka duk shagon da ya ce zai yi wa mutum rajistar a ɓoye abin gudu ne.

Tura takarda ta WhatsApp ɗin mai shago ya zama ruwan dare. A tura abin da ake buƙata kaɗai, a tsaya a ga ya goge bayan bugawa. Goge saƙo ga kowa daga ɓangaren mai turawa ba ya cire kwafin da aka riga aka sauke a kwamfuta. Neman a goge ba zargi ba ne. Ana iya cewa, "Malam, don Allah a goge min takardun nan kafin in wuce." Mai shagon da ya san darajar sana'arsa ba zai ji haushi ba.

Kwamfutar gida, ɗakin kwana da ofis

Ba kafe kaɗai ake tarayya ba. Akwai laftof ɗin yaya da ƙanne ke ara, da na abokin ɗaki a makaranta, da kwamfutar ofis a sakatariya wadda ma'aikata da yawa ke amfani da ita. A nan maganin shi ne kowa ya samu nasa ɗakin. A Windows ana shiga Settings, sai Accounts, a ƙara sabon mai amfani da kalmar sirrinsa. Mai kwamfutar ya riƙe matsayin shugaba, sauran a ba su matsayin talakawan masu amfani, don kada su iya dasa manhaja ko leƙa foldojin wasu.

Raba fuska a cikin Chrome kaɗai ba kariya ba ce, domin babu makulli tsakanin fuskokin. Wanda zai tashi ko na minti ɗaya ne, zuwa salla ko amsa kira, ya danna Windows da L ya kulle allo. A ofis kuma a tuna cewa na'urar ta ma'aikata ce, kuma mai kula da ita zai iya ganin abin da ke ciki. Hotunan iyali da hirar sirri ba wurinsu ba ne.

Haƙƙin da ke kan masu shago

Nauyin ba na kwastoma kaɗai ba ne. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC a kan doka. Kafin ita akwai ƙa'idar kare bayanai ta 2019 daga NITDA, hukumar da aka naɗa ɗan Jigawa, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya shugabanta a wannan shekarar. Dokar 2023 ta ce wanda ya karɓi bayanan mutum ya yi amfani da su don dalilin da aka ba shi kaɗai, ya tsare su, kada ya riƙe su fiye da buƙata. Mai bayanan na da damar neman a goge su, da damar kai ƙorafi ga hukumar. Ga ƙananan masu sarrafa bayanai, tara na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 kuma ta wajabta wa masu kafe yin rajista da ajiye littafin masu shiga, ta kuma haramta sojan gona da bayanan wani.

Mai shagon da ke son ya tsare kansa da kwastomominsa zai iya ware asusun baƙi a kowace kwamfuta, ya share Downloads da foldar sikanin kowace yamma, ya hana burauza adana kalmar sirri, ya riƙa sabunta Windows da manhajar kashe cuta. Akwai manhajoji irin su Deep Freeze da ke mayar da kwamfuta yadda take duk lokacin da aka sake kunna ta. A garin da kowa ya san kowa, shagon da aka san yana rufa asirin mutane ba zai rasa ciniki ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kwamfutar haya tsagar ba ta wuce asusun da ba a fita ba, fayil ɗin da ba a goge ba, da kalmar sirrin da aka faɗa wa wani. Duk wanda ya taɓa buɗe imel ko WhatsApp a kafe, ko da bara ne, ya ɗauki wayarsa yau ya duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusunsa. Idan ya ga wadda bai gane ba, ya fitar da ita, ya canza kalmar sirri.